Sabuwar Gasar Zari-Ruga Ta Amurka Da Meksiko: A Ajiye Haƙƙin 'Yan Wasa Kafin A Busa Usur

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da dukkan ma'aikatan wannan jarida. Na ga ɗan gajeren labarin da kuka saka a shafin wasanni kan sabuwar gasar zari-rugar Amurka da ake son ta haɗa ƙungiyoyin Amurka da na Meksiko, wadda masu ita suka raɗa wa suna International Football Alliance, suka kuma fara shelarta tun 2023. Labarin bai wuce 'yan layuka ba, kuma na san dalili, wasa ne da yawancin masu karatunku ba su saba da shi ba. To ni a San Antonio ta jihar Texas nake zaune, babbar mota nake tuƙawa tsakanin nan da Laredo da ke bakin iyakar Meksiko, kuma ina cikin waɗanda ke cire kuɗinsu su shiga kallon irin waɗannan ƙananan gasanni. Don haka nake roƙon ka ba ni ɗan fili.

Ina so a kafa gasar nan, ina kuma so ta rayu. Dalilina yana cikin yadda aka gina wasan a wannan ƙasa. Wanda ya saba da ƙwallon Ingila ya san akwai Firimiya, akwai rukuni na biyu, na uku, na huɗu, ɗan wasan da bai samu shiga a sama ba yana da inda zai ci abinci a ƙasa. A zari-ruga babu wannan tsani. Babbar gasar NFL ƙungiyoyi 32 gare ta, ba a faɗuwa, ba a hawowa, kuma ba ta da ƙaramar gasa tata ta kanta. Sauran manyan wasannin ƙasar duk suna da ita: kwando na da G League, wasan gora na kan ƙanƙara na da AHL, shi kuwa wasan baseball matakai-matakai gare shi a ƙananan garuruwa. NFL jami'o'i ta bar wa aikin reno, kyauta. Yaro ya yi shekara uku ko huɗu yana buga wa jami'a a gaban dubban mutane, sai ranar zaɓen sabbin 'yan wasa ta zo, a yi zagaye 7, a ɗauki mutum 250 da 'yan kai. Ƙididdigar hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta nuna waɗanda ake ɗauka ba su kai kashi 2 cikin 100 ba.

Su ma waɗanda aka gayyata sansanin horo ba su tsira ba. Kowace ƙungiya takan fara da mutum 90, ƙarshen watan Agusta ta zaftare su zuwa 53. A 'yan kwanaki kaɗan ake sallamar ƙarti fiye da 1,000. Wasu a mayar da su tawagar atisaye, wadda ba ta wuce mutum 16 ko 17 a kowace ƙungiya ba, sauran kowa ya kama gabansa.

Akwai wani matashi a ɗakin ajiyar kayan da nake ɗaukar lodi. Ƙato ne, in ya tsaya a ƙofar tirela sai ya tare haske. Ya buga wa wata ƙaramar jami'a a nan Texas, ba a zaɓe shi ba. Tun da asuba yake zuwa filin wata makaranta ya yi gudu ya ture taya, sannan ya zo ya kama aikin lodi. Wayarsa kullum a aljihun gaba take, ba ya kashe ƙararta, ko da tsakiyar aiki ne lambar da bai sani ba ta kira sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ɗauka, wai ko wani koci ne. A gwiwarsa ta hagu akwai tabon tiyata. Ya taɓa biyan kuɗin rajista ya je gwajin wata gasa dabam, aka auna gudunsa na yadi 40, aka ɗauke shi hoto da riga mai tambari, aka ce ya jira kira. Gasar ko wasa ɗaya ba ta buga ba, kuɗinsa kuma bai dawo ba. Da na tambaye shi ko zai je in wannan sabuwar ta buɗe gwaji, ko numfashi bai ja ba ya ce zai je. Irinsa dubbai ne, kuma saboda su nake wannan rubutu.

Ba mafarkin banza suke yi ba. Kurt Warner jera kaya yake yi a wani kanti a Iowa bayan an sallame shi daga NFL. Ya buga zari-rugar cikin rufaffen fili, ya je Amsterdam Admirals a 1998, kakar da ta biyo baya ya kai St. Louis Rams ga kofin Super Bowl, shi ne kuma gwarzon shekara. KaVontae Turpin ya zama gwarzon ƙaramar gasar USFL a 2022, shekarar ba ta ƙare ba sai ga shi a Dallas Cowboys. Brandon Aubrey ɗan ƙwallon ƙafa ne da ya koma aikin kwamfuta, ya buga wa Birmingham Stallions kaka biyu, a 2023 ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu bugun ƙwallo da ƙafa a NFL. Da babu ƙaramar gasa da ba wanda zai san da su. Albashin kam sama da ƙasa ne: a 2024 mafi ƙarancin abin da sabon ɗan wasan NFL ke samu dala 795,000 ne a shekara, ɗan wasan ƙaramar gasar UFL kuwa dala 5,500 a mako, wasanni 10 a kaka. Amma wanda ke neman a gan shi, wannan ma ya ishe shi ya riƙe iyali har a gan shi ɗin.

Zaɓen Meksiko kuma hankali ne. Mutanen can ba jiya suka fara son wasan ba. Karawar manyan makarantun birnin Meksiko biyu, UNAM da Politécnico, ta samo asali tun 1936. A 2005 da NFL ta kai wasan kaka na farko wajen Amurka, filin Azteca na birnin Meksiko ta kai shi, mutum 103,467 suka shiga kallon Arizona Cardinals da San Francisco 49ers. Suna da gasar ƙwararru tasu, LFA, tun 2016, wadda ta fara da ƙungiyoyi 4 ta bazu zuwa Monterrey da Saltillo da Chihuahua. Isaac Alarcón ɗan Monterrey ya shiga Cowboys a 2020. A farfajiyar ajiye tireloli ta Laredo, direbobin da ke tsallakowa daga Nuevo Laredo rabi da hular Cowboys suke, rabi da ta Pittsburgh Steelers, ranar Lahadi kuwa sharhin wasa da Sifaniyanci ke tashi daga rediyon motocinsu, suna musu kamar za su doki juna, can kuma su fashe da dariya. 'Yan kallo dai akwai su.

To amma, Malam Edita, ni mazaunin San Antonio ne, kuma babu garin da ya kai namu ganin jana'izar irin waɗannan gasanni. A 1993 aka buɗe filin Alamodome da fatan NFL za ta ba mu ƙungiya, har yau ba ta bayar ba. Saboda haka duk wanda ya ƙirƙiro sabuwar gasa nan yake fara sauka. An yi Gunslingers a gasar USFL ta farko, wadda ta daɗe da rushewa, a 1984 da 1985, ƙungiyar wani attajirin mai, Clinton Manges. Tsofaffin 'yan wasanta har yanzu suna ba da labarin yadda suke rige-rigen zuwa banki ranar biya, don wanda ya makara cek ɗinsa zai dawo babu kuɗi a asusu. An yi Riders a 1991 da 1992, inda Jason Garrett, wanda daga baya ya zama kocin Cowboys, ya buga a matsayin mai jefa ƙwallo. An yi Texans a 1995, kaka ɗaya tak. Sai Commanders a 2019.

Ina cikin filin a wasu wasannin Commanders, kuma abin da na gani ya sa na ɗauka a wannan karon an dace. Sama da mutum 27,000 ke shiga, mafi yawa a duk gasar da suke ciki, Alliance of American Football (AAF). Iyali guda za ka gani, kaka da jikoki, saboda tikitin bai kai rabin na NFL ba, ihu kuwa da Turanci da Sifaniyanci har rufin filin na amsawa. Gasar na da ƙungiyoyi 8, da talabijin, da manyan kociyoyi irin su Steve Spurrier, ga kuma Bill Polian cikin waɗanda suka kafa ta, wanda sunansa ke cikin zauren gwarazan wasan. Mako na biyu kuɗi ya fara yankewa. Tom Dundon, mai ƙungiyar wasan gora na kan ƙanƙara ta Carolina Hurricanes, ya yi alkawarin dala miliyan 250, ya zuba kusan miliyan 70, ranar 2 ga Afrilu ya janye hannu. An buga mako 8 cikin 10. Jaridu sun ruwaito 'yan wasa da aka bari da bashin masauki, da waɗanda suka sayi tikitin komawa gida da kuɗinsu, da masu rauni da ba su san wa zai biya asibiti ba. Da gasar ta kai kanta kotun masu karayar arziki, kadararta dala miliyan 11 ce da ɗoriya, bashin da ke kanta ya haura miliyan 48. Wata gasar, XFL ta 2020, ita ma mako 5 ta yi annobar korona ta kwantar da ita, aka sayar da gawarta dala miliyan 15 ga su Dwayne Johnson. Ko da ta farfaɗo a 2023, sai da ta haɗe da sabuwar USFL suka zama UFL a 2024 kafin su iya numfashi. Waɗannan fa masu biliyoyi ne da manyan gidajen talabijin a bayansu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

AAF da XFL da USFL duk a cikin ƙasa ɗaya suka yi wasa. Waɗanda suka gwada tsallaka iyaka labarinsu ya fi dacewa a karanta da kyau. Continental Football League ta 1965 zuwa 1969 ta yi ƙungiyoyi a Toronto da Montreal, a 1969 ta sa ɗaya a birnin Meksiko, Golden Aztecs, wadda ba ta kammala kakar ba. Gasar duniya da NFL da kanta ta kafa a 1991 ta haɗa Landan da Frankfurt da Barcelona da Montreal da garuruwan Amurka, London Monarchs ta ɗauki kofin farko a Wembley. Bayan kaka biyu aka dakatar, aka dawo a 1995 da Turai kaɗai, a 2007 aka rufe gaba ɗaya saboda asarar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 30 duk shekara.

Wadda ta fi koyar da darasi a ganina ita ce shigowar gasar Kanada, CFL, cikin Amurka daga 1993 zuwa 1995. Wasan Kanada dabam yake: mutum 12 a fili maimakon 11, dama 3 ta ci gaba da ƙwallo maimakon 4, filin kuma yadi 110 a tsawo, 65 a faɗi. Yawancin filayen Amurka ba su ɗauke shi ba, a Memphis sai da aka datse ƙarshen fili. A Las Vegas an yi wasan da mutum 2,350 kacal suka shiga. Baltimore ce kaɗai ta yi albarka, tana tara fiye da mutum 30,000, ta ɗauki kofin Grey Cup a 1995, ita ce ƙungiya ɗaya tilo daga wajen Kanada da ta taɓa yin haka. A watan da ta ɗauki kofin ne aka sanar cewa ƙungiyar NFL ta Cleveland Browns za ta koma garin. Sai zakarun suka tattara suka koma Montreal, sauran ƙungiyoyin Amurka suka watse. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Dokar CFL ta tilasta wa kowace ƙungiya ta ɗauki adadi na 'yan Kanada, amma ƙungiyoyin Amurka ba ta hau kansu ba saboda dokokin ƙwadago na nan. Gasar Kanada ce da sunanta, yaran Kanada kuwa ba su samu gurbi a sabbin ƙungiyoyin ba.

Ni da nake kai kaya bakin iyaka na san ba layi ba ne kawai a taswira. Tirelar da na jawo daga San Antonio, tafiyar mil 150 da wani abu, a Laredo nake sauke ta. Wani direba dabam mai takardu dabam shi zai ja ta ya hau gada, wakilin kwastan ya duba, a ɗaya gefen wani kuma ya karɓa. Harafi ɗaya ya kuskure a takarda, kaya sun kwana. Wannan fa kwali ne da ƙarfe. Ƙungiyar zari-ruga kuwa 'yan wasa 40 zuwa 50 ce, ga kociyoyi, ga masu jinya, ga hulunan kwano da sulke da magunguna, kuma duk mako biyu sai an tsallaka da su.

Ɗauki maganar biza. Ɗan Meksiko da ƙungiyar Amurka za ta ɗauka aiki bizar P-1 yake buƙata. Ɗaya daga cikin hanyoyin samunta shi ne ƙungiyar ta kasance cikin gasa mai ƙungiyoyi 6 ko fiye, waɗanda kuɗin shigarsu a haɗe ya wuce dala miliyan 10 a shekara, ko kuma ta kasance ƙaramar ƙungiya mai alaƙa da irin wannan gasa. Jaririyar gasar da ba ta sayar da tikiti ko ɗaya ba da me za ta nuna wannan? Ba'amurken da zai buga wa ƙungiyar Meksiko shi ma sai da izinin aiki daga hukumar shige da ficen can. Ga maganar kuɗi: ƙungiyar Meksiko da peso za ta sayar da tikiti, dala 1 kuwa takan kai peso 17 zuwa 20, amma 'yan wasan da za ta ɗauko daga Amurka da dala za su so a biya su, jirgi ma da dala. Ga yanayi: birnin Meksiko na kan tudu mai tsayin mita 2,240, wanda ya taso daga gaɓar Texas numfashi zai gagare shi tun kafin a je hutun rabin lokaci, Texas kuma a watan Yuni da Yuli zafi kan haura digiri 38, mutum na sanye da sulke.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inshora. Wannan wasa ne da ake karo da gangan a kowane minti, gwiwa na tsinkewa, kafaɗa na gocewa, ƙwaƙwalwa na girgiza. NFL da kanta a 2013 ta amince ta biya tsofaffin 'yan wasa dala miliyan 765 kan raunin ƙwaƙwalwa, daga baya ma aka cire iyakar kuɗin. Kamfanonin inshora gudun wasan suke yi. A 2019 ƙungiyar Orlando Apollos, wadda ta fi kowa nasara a AAF, sai da ta riƙa tsallakawa jihar Georgia tana atisaye, saboda dokar diyyar ma'aikata ta Florida ba ta rufe 'yan wasan ƙwararru ba. Iyakar jiha da jiha ke nan a ƙasa ɗaya. To yaron Texas da ya karye a Chihuahua, ko yaron Monterrey da ya karye a Dallas, dokar wace ƙasa za a bi, asibitin ina za a kai shi, wa zai biya tiyata da watannin jinya bayan an rufe kaka? In ba a rubuta amsar wannan a kwantiragi ba, to amsar ita ce shi da iyayensa.

Shi ya sa roƙona ga masu wannan gasa ɗaya ne, sauran duk rassansa ne. Kafin a busa usur na farko, a ɗauki albashin 'yan wasa na kaka guda cur, da kuɗin inshorarsu, da kuɗin jirgin da zai mayar da kowa gidansa, a damƙa amana a banki inda mai ƙungiya ba zai iya taɓawa ba, a kuma nuna wa 'yan wasan shaidar haka a rubuce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai iya ajiye wannan ba bai isa ya mallaki ƙungiya ba, komai kyan tambarinsa da rigunansa. In kuɗin ƙungiyoyi 4 ne ya samu, a fara da 4. Kuma a daina karɓar kuɗin rajistar gwaji daga hannun yaran da ke aikin lodi. Gasar da kuɗin masu neman aiki ke cikin lissafin kuɗin shigarta, tun daga nan ta nuna abin da ke aljihunta.

Da shawarata za a bi, da an taƙaita taswirar. Monterrey ba ta wuce mil 300 daga San Antonio ba, Saltillo na maƙwabtaka da ita, El Paso da Juárez kogi ne kawai tsakaninsu, Chihuahua na kudu da su. Waɗannan garuruwa dangi ne, aure da kasuwanci sun haɗa su tun kafin a ja iyakar, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen San Antonio ma asalinsu daga ɓangaren masu jin Sifaniyanci ne. Wasa tsakanin Monterrey da San Antonio ba ya buƙatar talla mai yawa, bas ma ta isa ta kai 'yan wasa da magoya baya. Amma da zarar an ce sai an haɗa gaɓar gabashin Amurka da kudancin Meksiko, kuɗin jirgi kaɗai zai cinye gasar kafin ta yi haƙori.

Sannan kada a mayar da Meksiko wurin sayar da tikiti kawai. Ƙungiyoyin can su kasance da adadi tabbatacce na 'yan ƙasa a fili, ba a benci ba, har da matsayin mai jefa ƙwallo da ake yawan ware wa baƙi. A zauna da LFA a daidaita lokacin wasa, kada a yi mata ƙwacen 'yan wasa da filaye. An riga an ga yadda gasa biyu a Meksiko suka ƙare, wata gasa mai suna FAM ta yi gogayya da LFA daga 2019 ta rufe a 2022. CFL ta nuna hanyar mutunci a Janairun 2019, da ta je birnin Meksiko ta yi zaɓe na musamman, ƙungiyoyinta 9 suka ɗauki 'yan Meksiko 27. Kada kuma a yi gangancin tsohuwar USFL, wadda Donald Trump, mai New Jersey Generals a lokacin, ya ja ta ta bar bazara don ta kara da NFL, ta kai ƙara kotu a 1986 ta yi nasara, aka ba ta diyyar dala 1 da doka ta ninka zuwa 3, ba ta sake buga wasa ba.

Ku kuma a jarida, don Allah in za ku sake kawo labarin gasar nan, kada ku tsaya a sunayen ƙungiyoyi da ranar farawa. Ku bincika ko an sa hannu a yarjejeniyar filayen da aka ambata, wane kamfani ne ya ba da inshora, wane gidan talabijin ne ya biya kuɗi, ko an biya albashin mako na huɗu a kan lokaci. Cikin masu karanta ku akwai iyayen da 'ya'yansu ke buga wasan nan a makarantun Amurka da Kanada, kuma wata rana yaron zai kawo musu kwantiragi ya ce a sa masa albarka. Su nemi lauya ya karanta musu shi, musamman sashen rauni da sashen abin da zai faru in an dakatar da kaka a tsakiya.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku daga San Antonio, jihar Texas, Amurka